Fentin Ɗakin Auta

"Ruwan ƙwai na ce!"

"Ni kuma ruwan ɗorawa, ko a fasa!"

Aron tsintsiya na shigo, wai. Sai ga maƙwabcina da matarsa suna ta sa-in-sa a ɗakin autansu da ya rasu bara. Ɗan haya zai shiga, sun kasa zaɓar fenti.

Mai fenti ya gaji, ya nuna gwajin da ya shafa wuri biyu a bango. "Baba, shafi biyun nan gwangwaninsu ɗaya. Wannan ya bushe ne, wancan da saura."

"Mun sani, ɗan nan," in ji matar, tana shafa motocin da yaron ya zana a bango. "Ka dawo gobe."

Mijin ya kau da kai kada mu ga idonsa, ya fita, ya bugo ƙofa.