Sulken Jarka

Shekarar da gero bai yi ba a Tamaske, malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, wanda muke ce wa Mushe, ya zaɓe ni in fito mayaƙi a wasan kwaikwayo. Ya ce kowa ya zo da sulkensa. Mu ba mu da komai sai wata tsohuwar jarkar roba mai yoyo. Inna ta ce za ta wadatar.

Bayan la'asar ta sa wuƙa a garwashi, ta tsaga jarkar gida biyu, gaba da baya, ta huda wajen kafaɗu ta zura igiya. Har yau in na ji warin roba na ƙonewa, ƙofar ɗakinmu nake gani.

Ta rataya mini, sulken ya zame yana lilo a jikina.

"Tsaya sosai," in ji ta.

Ta cire, ta mayar da wuƙa wuta, ta rage gefe. Ta sake gwadawa, har yanzu ya yi yawa. Kafin kowane yanka sai ta ɗora tafin hannunta a haƙarƙarina. Guntayen roba suka taru a gabanta.

Na ƙosa, na ce, "Inna, wagga jarka ta cika girma."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Jarka ba ta da laihi, ɗan nan."

Ni ranar murna nake ta yi, zan zama jarumi. Sai da na haifi nawa na gane abin da hannun nan yake aunawa. Rumbunmu wayam yake, ba ta da abin ƙara mini a jiki. Robar kawai take iya ragewa.