Ba Shas Ranar Lahadi

Dokar farko da Madam Brigitte ta koya wa Chaibou a ofishinta na Paris ita ce kada ya kuskura ya ce bindiga. Ƙungiyar tata ta kare 'yancin mallakar bindiga ce, amma kalmar tana tayar wa 'yan majalisa hankali. Sai dai a ce shas, wato farauta da Faransanci, don kowa ya tuna kakansa da karensa a bakin daji.

Chaibou ɗan Damagaram ne, shekararsa tara a Faransa, kuma ko ɓera bai taɓa harbi ba. Aiki ya gani ya kama. Kwantiraginsa zai ƙare ƙarshen wata, takardar zamansa kuwa a wuyan kwantiragin take rataye. In Madam ta sallame shi, sai gida.

Ana cikin haka aka taso da maganar hana shas ranar Lahadi, 'yan majalisa huɗu suka yarda su saurari ƙungiyar ranar Talata. Damuwar Madam ɗaya ce: mutanenta duk tsofaffin Turawa ne masu jajayen kumatu, kamar uwa ɗaya ta haife su. Baƙar fuska take so, in da hali har da hula.

"Ka kawo mini mutum ɗaya daga cikin naku," in ji ta. "Ka kawo, mu sa hannu a sabon kwantiragi."

Ranar Juma'a Chaibou ya hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, ya wuce unguwar Minguettes. Da aka idar da salla ya shiga bin jama'a yana tambaya ƙasa-ƙasa ko akwai wanda ya san harkar shas. Mutum uku ya tambaya, duk suka nuna masa dattijo ɗaya, Alhaji Abdourahamane ɗan Maraɗi. Na ukun har da murmushi.

Alhaji mutum ne mai kunya, irin dattijan da ba sa kiran wasu abubuwa da sunansu a gaban mutane. Sai da aka gaisa har kan sanyin Turai, sannan Chaibou ya matsa kusa.

"Baba Alhaji, an ce mini kuna harkar shas."

"Shekara ashirin da biyu, ɗana. Amma ba abin da aka hwaɗi bakin masallaci ba ne."

Daɗi ya kama Chaibou. Ga mutumin da ya san dokar Madam ba tare da an koya masa ba.

"To, so ake a hana ta ranar Lahadi."

Alhaji ya daina jan carbi. "Lahadi? Ranar da kowa ke gida? Wa ya kawo wagga shawara, 'yan ekolo masu kare muhalli?"

"Su ne, Baba."

"Na sani. Tun hwarin da anka yi bara suka sa muna ido."

Chaibou bai ga abin da ya haɗa fari da farauta ba, amma ba musu ya kawo shi Lyon ba.

Ranar Talata Alhaji ya shiga ɗakin taron da babbar riga mai aska takwas, Madam na kallonsa kamar an ba ta kyautar doki. Ya ƙi a yi masa tafinta. Da Faransancinsa na kasuwa ya tashi, ya ce gidan da babu shas ba gida ba ne. Ya ce a garinsu da idonsa ya ga yara sun mutu saboda rashinta. Madam ta gyaɗa kai, har ta taɓa hannun Chaibou, shi kuwa ya fara jin ƙanshin sabuwar takarda.

Sai Alhaji ya ɗau zafi. Ya ce yaro ɗan shekara uku ya kamata a koya masa tire, kalmar da duk ɗakin suka ji a matsayin harbi. Shi kansa yakan tire sau biyar ko shida a yini, Hajiya ma haka, in kuwa baƙi sun zo ranar Lahadi ai ba a magana.

Madam ta janye hannunta.

Wata 'yar majalisa mai gilashi ta tambaye shi guda nawa yake da su.

"Ɗari uku a ajiye a magazata ta Minguettes, wasu ɗari biyu suna kan teku."

"Kuma wa kake sayar wa?"

"Duk wanda buƙata ta kama, Madam. Ba na tambayar mutum takarda."

"Lasisi fa?"

"Lasisin me?"

Tsoro ya kama Chaibou. Ɗazu aiki yake gudun rasawa, yanzu kurkuku yake hange. 'Yar majalisar ta cire gilashinta, ta ce a gaya mata wane iri ne takamaimai.

"Da kunya a faɗa, Madam," in ji Alhaji. "Amma akwai irin nawa a benen nan, na gani da muka iso. Ku biyo ni."

Suka bi shi a jere, mai gadi na gaba da hannu a kan rediyonsa, Chaibou a can baya yana salati. A ƙofa ta biyu ta hannun hagu Alhaji ya tsaya, ya tattare riga, ya shiga da ƙafar hagu.

Nan dattijon da ya shekara ashirin da biyu yana sayar da kayan ban-ɗaki ya kama mariƙin sakin ruwan masai, wanda Bafaranshe shi ma shas yake ce masa, ya tire, wato ya ja, Chaibou yana tsaye yana jin ruwan na tafiya da takardar zamansa.