Baiwar Maman Fauziyya

Madam Adaobi ta shimfiɗa bargon a kan teburin shagonta na PZ, tana bin ɗinkin da yatsa. Ƙyallayen atamfa ne Zubaidatu ta harhaɗa, ta sa auduga a tsakiya, ta bi da keke. Sai dai zaren bai tafi a miƙe ba, lanƙwasa yake ta yi kamar sawun maciji.

"Maman Fauziyya, wannan salon fa? Wa ya koya miki?"

Zubaidatu ta gyara mayafi. "Baiwa ce, Madam. A mafarki nake ganin abina."

Ba ta dai faɗa mata cewa tun bara tsohon kekenta ke fizgar yadi yadda ya ga dama ba.

"Guda goma nake so kafin Kirsimeti, duk da lanƙwasar nan. Miƙaƙƙen ɗinki ai kowane tela ya iya."

Har motar Samaru ta sauke ta tana murmushi. A ƙofar gida ta tarar da maigidanta, Malam Ɗalhatu, shi ma baki har kunne.

"Albishirinki!"

"Goro!"

"Fari ko ja?"

"Fari tas!"

"Shekara guda kina mitar keken nan. Yau kina fita na kira mai gyara." Ya ɗago wani ƙyalle. "Duba ɗinki! Miƙe samɓal kamar titin Shika."

Zubaidatu ta dubi ƙyallen, ta dubi mijinta. Ta numfasa.

"Allah ya saka da alheri, Malam. Shi mai gyaran nan, ya kuwa iya ɓatawa?"