Mai Kyamara Biyu a Filin Hawan Ƙaho

Ranar Alhamis, jajiberin ƙaramar Salla, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, wani akawu ya fito daga gidan mahaifinsa da kyamara biyu rataye a wuyansa. Ɗan mahauta ne, amma boko ya raba shi da wuƙa tun yana yaro. Ɗaukar hoto kuwa sha'awa ce kawai, wadda yake fita yi ran Asabar a bakin rafi da kasuwannin ƙauye. A yammacin nan ne ƙanensa zai hau ƙaho karo na farko a gaban jama'a. Mahaifinsu, wanda a zamaninsa babu bijimin da ya gagare shi, yana kwance tun bara, ɓarin jikinsa ya shanye. Kafin akawun ya fita, tsohon ya kamo shi da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Ɗan boko, ni ba a taɓa ɗaukata hoto a kan bijimi ba. Ɗaya tak nake so. Ka kawo mini ƙanenka tsakanin ƙahoni in gani, tun ƙasa ba ta rufe mini ido ba." Kyamara ta farko tsohuwa ce, fentinta ya koɗe, amma ya san ta kamar yunwar cikinsa, yatsansa yana samun maɓallinta ko bai duba ba. Ta biyu kuwa shekaranjiya ya ɓare ta daga kwali, da dogon gilashi kamar taɓarya, mai jawo nesa kusa, da maɓallai birjik waɗanda bai gama sanin aikinsu ba. Ya tsaya a zaure yana auna su. In ya bar sabuwa, don me ya saye ta? In ya bar tsohuwa, wa ya san halin baƙuwa? Sai ya yanke cewa mai biyu ya fi mai ɗaya, ya rataya duka.

Da ya isa fili, an riga an kafa da'ira, kalangu yana kiran 'yan pawa da takensu. Aka fito da wani jan bijimi, igiya a wuya, igiya a ƙafar baya, samari suna riƙe da kowace. San ya nufi can ƙarshen fili, akawu ya ɗaga sabuwa. Kafin ya samo shi a cikin gilashin, san ya juyo a guje, bai ga komai ba sai jar fata ta cika masa ido. Ya saki sabuwa ya cafko tsohuwa. San ya sake yin nisa, ya koma kamar ɗan akuya. Ya mayar da hannu kan sabuwa, yatsansa ya tafi inda maɓallin tsohuwa yake, ya danna wani abu dabam, fuskar kyamarar ta cika da rubutun da bai taɓa gani ba. Ya danna nan, ya danna can, rubutu ya haifi rubutu. Ga azumi, ga gumi yana shiga ido, ga madaurin wannan ya sarƙe da na waccan har sun shaƙe shi, ya rasa wacce ke dama, wacce ke hagu. Ya sunkuyar da kai yana warware su. Yana cikin haka ƙanensa ya fito tsakiyar fili, ya tsokani sa, san ya duƙar da kai ya taso, saurayin ya faɗa da ƙirji tsakanin ƙahoni ya rungume wuya. Filin ya ɗauki ihu, mata suka rangaɗa guɗa, kalangu ya haukace. Akawu ya ɗago a firgice, kyamara a kowane hannu, yana danna duka biyun ba tare da ya kai ko ɗaya ido ba. Da ƙura ta lafa, ƙanen yana tsaye a ƙasa, an ɗaga hannunsa sama, ana jan bijimin zuwa turke.

Bayan an sha ruwa, akawu ya zauna a bakin gadon tsohon yana wuce hotuna ɗaya bayan ɗaya: ga wutsiya, ga sararin sama, ga ƙeyar wani mai hula, ga takalmansa shi kansa. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ba komai, inji ne, yakan ƙi. Ajiye su ka ba ni da baki. Wanda ke kan ƙaho ba ya ganin kansa, kai ne ka tsaya a gaba. Ta wane ɓangare ya shiga? Ya runtse ido, ko ya kalli san?" Sai a lokacin akawu ya gane cewa ko da idonsa bai ga hawan ba, domin a daidai lokacin da garin duka ke kallon ƙanensa, shi madauri yake kallo. Tsohon ya juya fuskarsa bango. Washegari da hantsi, mutane suna dawowa daga Idi, akawun ya mayar da sabuwar kyamara cikin kwalinta, ya rubuta a kan murfin da kyakkyawan rubutunsa na ofis: an ɗauki hoto tamanin da bakwai, wanda Baba ya nema babu ko ɗaya.

Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce, taura biyu ba ta taunuwa.