Mai Jefa Ƙwallo Inda Babu Kowa

Tunda an ɗora maka zaɓen mutane, zauna ka ji wannan kafin ka soke sunan kowa.

An yi wani kocin ƙwallon kwando da kulob ɗinsa ya rushe a hannunsa. Manyan 'yan wasan da suka ciwo masa kofuna duk sun watse: wannan gwiwa ta ci amanarsa, wancan wani kulob ya ɗauke shi, wancan kuma ya ce shekaru sun ja. Aka bar shi da sababbin samari, dogaye zanƙala-zanƙala, ga ƙarfi kamar me, amma ba su san inda za su tsaya ba, balle inda za su ruga. Abin da ya rage masa ya samo shi ne mai rabo, wato ɗan wasan da ke ɗauko ƙwallo daga baya ya raba wa sauran huɗun. Gurbi ɗaya ne, yara biyu ke nema, kuma duk wanda ya ɗauka, a kansa za a gina kulob ɗin na shekaru masu zuwa. Na farko kakkaura ne mai natsuwa, ba ya sakin ƙwallo sai ya ga mutum a tsaye ya buɗe hannu, sannan ya miƙa masa. Na biyu wani siriri ne shiru-shiru, shi kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta! Sai ya kalli gabas ya wurga yamma, ƙwallo ta daki ƙasa a inda babu kowa, ta gangara ta fice daga layi. Dogayen nan su juyo suna hararar sa. Shi kuma ya dafa ƙirji ya ce laifinsa ne, kullum laifinsa ne.

Kada ka ɗauki alhakin kocin, ba azzalumi ba ne. Mako uku ya yi a bakin fili da takarda da biro, duk sanda ƙwallo ta salwanta a hannun yaro sai ya ja masa layi ɗaya. Kakkauran ya tashi da 'yan layuka ƙalilan, siririn kuwa shafinsa ya cika har ya juya baya. Abu ɗaya ne kocin bai taɓa yi ba: ya ɗaga kai daga takardar ya tambayi kansa, wurin nan da ƙwallo ta faɗa, wa ya kamata a ce yana can? Ranar yanke hukunci ya kira siririn gefe ya ce, "Yarona, ka yi haƙuri, ɓarnarka ta yi yawa. Allah ya haɗa ka da rabonka a gaba." Yaron ya rusuna ya ce, "Na gode, Koci." Ya rataya takalmansa a wuya ya tafi.

Aka shiga kakar wasa. Kakkauran bai zubar da ƙwallo ba, amma fa bai ciyo wasa ba, haka suka yi ta jan ƙafa wata huɗu. Rannan sai ga baƙi sun zo musu, wani kulob na tsofaffin hannu, mutanen da suka san fili kamar tafin hannunsu. Wa kocin zai gani cikin rigarsu in ba siririn nan ba? Ya ce a ransa, yau kam ta faɗi gasassa, za mu yi ta tsintar ƙwallo a banza. Ana hura usur, yaron ya taho a guje, ya kalli gabas ya wurga yamma, can ƙarƙashin kwando inda babu kowa. Kocin har ya fara murmushi. Sai ga mutum! Daga kusurwa ya ɓullo, shi da ƙwallo suka iso tare kamar sun yi alkawari, ya ɗaga ya zura ta a kwando. Kocin ya ce sa'a ce. Yaron ya sake, wannan karon ta tsakanin ƙafafun masu tsaro biyu, wani ya cafe. Ya kuma cilla wata sama, inda ba abin da ke can sai iska, sai ga hannu ya tashi ya danna ta ciki.

Nan take kocin ya gane jifan nan ɗaya bayan ɗaya. Su ne dai waɗanda ya yi ta ja wa layi, yaron bai sake ko guda ba. Ashe tun can ba inda mutum yake tsaye yake jefawa ba, inda ya kamata mutum ya iso bayan numfashi ɗaya yake jefawa. Yana ganin wasa tun kafin a yi shi, dogayen nan ne ba su san hanya ba tukuna, kuma wannan abu ne da koci kan koyar cikin 'yan watanni. Irin ganin yaron kuwa ba a koyar da shi, Allah ke bayarwa, kuma a shekara talatin da kocin ya yi a fili bai taɓa cin karo da irinsa ba. Wallahi ya manta shi ake lallasawa. Mataimakinsa na jan rigarsa yana cewa ya nemi a ɗan tsayar da wasa, shi kuwa yana tsaye, hannu biyu a ka, yana ta faɗin, "Ikon Allah! Tabarkalla!" Da aka tashi an ba su ratar maki talatin. Ya aika a tambayo ko yaron zai dawo, aka ce masa ai ya riga ya sa hannu na shekara biyar.

To ka ji. Ya yi ta neman wanda zai gina kulob a kansa, alhali mako uku yaron na gabansa, da bakinsa kuma ya sallame shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.