Hannu Biyu a Akushi

Da allurar rigakafi ta game gari, sai aka ɗage dokar cin abinci a ware, muddin awarwaron lafiyar da ke hannun mutum yana haska kore. Lantana ta tashi cikin kulle, ba ta taɓa ganin hannu biyu a akushi ɗaya ba. Ta zauna gaban tuwon kakarta tana leƙe.

"Iya, daga ina nawa ya fara?"

"Ci gabanki kawai, 'yar nan."

Yatsunsu suka haɗu cikin miyar kuka. Ashe haka hannun mutum yake da ɗumi. Sai awarwaron tsohuwar ya fara ƙyafta ja.

Iya ta ja mayafi ta rufe shi, ta turo mata tsoka.

"Cinye tukuna."