Ledar Talabijin

"Idonka kalau yake, Baba," in ji likita. Ban yarda ba.

Tun da na yi ritaya na sha alwashin sake kallon finafinai ɗari da na fi ƙauna kafin ido ya juya mini baya. A na arba'in na fara ganin 'yan wasa dishi-dishi. A na sittin, da murya kawai nake gane jarumi. Sai na koma kallon uku a rana, ina tsere da makanta.

Da na dawo daga asibiti na zauna gaban talabijin, na yi tagumi. Matata ta dube ni, ta dubi talabijin, ta sa farce a gefe ta yaye ledar da na hana kowa cirewa shekara tara, wai kada a karce mini gilashi. Ledar duk ta dafe.

Launi ya cika falo.

Na miƙe tsaye. "Kai! Ashe jarumar nan wushirya gare ta? Dubi idanu!"

Matata ta harare ni, ledar na hannunta.

"Baban yara, matsa. Mayar da ita zan yi."